Kiɗa da wasa a gidan tarihi: adana gado ne ko neman kuɗin ƙofa?

Shin gidan tarihi wurin kiɗa ne? Tambayar kan taso a Yamai, babban birnin Nijar, kusan bayan kowace salla, lokacin da gidan tarihi na ƙasa mai sunan marubuci Bubu Hama ya cika maƙil da yara da matasa, aka kafa dandamali, aka ɗaura lasifika, makaɗa da mawaƙa suka yi ta wasa har rana ta faɗi. Wasu na cewa an mayar da wurin ilimi filin shagali don a tara kuɗin shiga. Wasu kuma na ganin cewa duk inda aka buga ganga an raya al'ada ke nan, babu sauran magana. Ɓangarorin biyu sun kama wani yanki na gaskiya, amma dukansu sun sauƙaƙa lamarin fiye da yadda yake, domin amsar tana rataye ne a kan irin kiɗan da ake yi, da wanda ke yin sa, da bayanin da ke tare da shi, da kuma abin da ya rage a hannun makaɗi da mai kallo bayan an watse.

Mene ne aikin gidan tarihi?

A fahimtar mutane da yawa, gidan tarihi ɗaki ne da ake jera tsofaffin kaya a bayan gilashi, takubba da tukwane da tufafi, a manna wa kowanne ƴar takarda mai bayani. A Yamai ma akwai waɗanda ba su san wurin da komai ba sai zakuna da dorina da kuraye, saboda gidan namun dajin da ke cikinsa. Amma tun da aka buɗe shi a watan Disamba na 1959, kafin ƙasar ta samu ƴancin kai, bisa ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Toucet wanda ya fara shugabantar sa, ba a tsara shi a matsayin ma'ajiya kaɗai ba. A cikin filinsa mai faɗin kusan hekta 24 an gina rumfunan nuni daban-daban, na tufafin gargajiya, na kayan kiɗa, na ƙasusuwan dabbobin zamanin da, na yuraniyom, har da wurin da aka ajiye bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973. Haka kuma an gina samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, aka kuma ba maƙera da dukawa da masaƙa wurin zama suna aikinsu a gaban jama'a. Wato tun asali akwai mutane masu rai a cikin abin da ake nunawa, kuma wanda ya amince da maƙerin azurfa yana bugun uwar maƙera a harabar gidan, da wuya ya samu hujjar korar mai goge.

Duniya ma ta karkata zuwa nan. A 2003 hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniyar kare gadon al'adu wanda ba a taɓa shi da hannu, abin da ya ƙunshi adabin baka, da kiɗa da rawa da wasanni, da bukukuwa, da ilimin gargajiya game da muhalli, da fasahar sana'o'in hannu. A ƙarƙashinta ne aka sanya kiɗan imzad, wato gogen matan Buzaye, cikin jerin gadon bil'adama a 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, sannan a 2014 aka sanya barkwancin taubasantaka na Nijar, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa. A watan Agusta na 2022 kuma ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sabunta ma'anar gidan tarihi, inda ta ambaci gadon da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa tare, ta kuma ce ana gudanar da aikin ne da sa hannun al'umma. Barkwanci ba ya shiga akwati, haka ma take da kirari. In har gidan tarihi zai ɗauki nauyinsu, dole sai ya kawo masu yin su.

Abin da gilashi ba ya iya riƙewa

A nan ne karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ba ta yi aiki ba. A dubi kalangun da ya shekara da shekaru a rataye a ɗakin nuni. Kangon yana nan, fatar baki biyu tana nan, tsarkiyoyin da suka haɗa su suna nan, amma fatar ta bushe ta yi tauri, tsarkiya ta saki. Yaron da ya tsaya a gabansa ba zai taɓa gane cewa sirrin kalangu yana cikin hammata ba, inda makaɗi ke matse tsarkiya muryar ta hau, ya sassauta ta sauka, har ya bi hawa da saukar maganar Hausa ya kira sunan mutum da na ubansa ba tare da ya buɗe baki ba. Haka goge: rabin ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da tsagiyar doki, da ɗan jakin da ke tallabe da ita. Takardar bayani za ta iya lissafa waɗannan duka, amma ba za ta nuna yadda mai goge ke shafa ƙaro a jikin izga kafin ya fara ba, ko yadda yake ɗan kanga fatar ga wuta in sanyi ya sa ta yi laushi, balle ta faɗi wane take ne na wa.

Labarin biram shi ne misali mafi kusa da mu. Biram kayan kiɗa ne mai tsarkiya biyar, mai siffar jirgin ruwa, na Buduma masunta a yankin tafkin Cadi. Ya kai matsayin da ƙwararren mai kaɗa shi da aka sani bai wuce dattijo guda ba, Bukar Tar. A 2002 marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, ya samu tallafin UNESCO ya tafi ya zauna wurin dattijon ya koya, daga baya ya zagaya da biram ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Da a ce kayan kawai aka ɗauko aka rataye a bango, da yau muna da katako mai kyan gani wanda babu wanda ya san muryarsa. Ita wannan cibiya ta Elhaji Taya, da aka kafa a 1989, tana da tarin kayan kiɗan gargajiya nata, kuma darajarta ita ce ajiya da koyarwa suna wuri ɗaya.

Me ya kai makaɗa can?

Babban dalili shi ne wuraren da kiɗan gargajiya ke rayuwa a da suna ta ƙanƙancewa. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a tana da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, mafarauta da garaya, mata a cikin gida da shantu da ƙwarya, sarakuna da tambari da kakaki da algaita. Makaɗi ba ya neman masu kallo, ubangida gare shi, kuma ubangidan ne ke ba shi riga da hatsi, wani lokaci har doki. Yau gayya ta ragu, fadoji da yawa ba su da ƙarfin riƙe makaɗa kamar da, a bikin aure kuma yaro guda da kwamfuta da manyan lasifika biyu ya maye gurbin ƙungiyar mutum goma da ƴan amshinsu. Ga kuma ƴaƴan makaɗa da dama da suka yi karatun boko ko na addini suka juya wa sana'ar gado baya, wasu don suna ganin ta haram ce, wasu don ƙyamar a kira su maroƙa.

A zamanin Janar Seyni Kunce gwamnati ta cike wani ɓangare na wannan giɓi ta hanyar samariya da bikin matasa na ƙasa, inda kowace jiha ke kawo ƙungiyoyinta na waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, gidan rediyon Muryar Sahel kuma yana naɗa yana watsawa. Wancan tsari ya yi rauni tun da daɗewa. Matsalar tsaro ta zo ta rage baƙi ƴan yawon buɗe ido, ta kuma sa zuwa wasu bukukuwan karkara ya yi wuya. Saboda haka makaɗin da ya shigo birni yana neman inda za a saurare shi da rana tsaka, cikin mutunci, a gaban iyalai, ba shi da zaɓi mai yawa.

Shi ma gidan tarihi yana da tasa bukatar, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Ciyar da namun daji, da gyaran rufi, da yaƙi da gara da ƙura, duk kuɗi suke ci, kason da ke fitowa daga baitulmali kuma ba ya isa. Ranar wasa tana kawo jama'ar da rumfar nuni ba za ta kawo a wata guda ba. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wurin da ba ya jan yara to ya kama hanyar mutuwa.

Masu ƙorafi da hujjojinsu

Ma'aikatan da ke kula da kayan tarihi su ne suka fi kowa hujja mai kamawa. Ƙarar manyan lasifika na girgiza gilashi da tsofaffin tukwane, cunkoso na tayar da ƙura, dabbobin da ke cikin keji kuma suna firgita da hayaniyar da ba su saba da ita ba. Sannan akwai jarabar a ciro tsohuwar ganga daga ma'ajiya a ba makaɗi ya buga don a burge baƙi, alhali fatar da ta shekara hamsin bugu ɗaya na iya yaga ta. Wannan ƙorafi yana da magani mai sauƙi: a nisanta dandamali daga rumfunan nuni da kejin dabbobi, a ƙayyade ƙarfin sauti, a sa masassaƙa da dukawa su ƙera sababbin kayan da za a riƙa bugawa, tsofaffin su zauna inda suke. Kiɗan gargajiya ma da yawansa ba ya bukatar lasifika ko kaɗan, gurmi da sarewa da imzad a ƙaramin taro suka fi daɗin ji.

Ƙorafin malamai daban ne. Sabanin malaman Musulunci a kan kayan kiɗa tsoho ne, akwai masu haramtawa baki ɗaya, akwai masu halatta wasu nau'o'i a wasu lokuta kamar aure da idi, akwai masu duba abin da waƙar ta ƙunsa. Wannan rubutu ba wurin yanke hukunci a kai ba ne. Abin lura kawai shi ne, in aka saurari iyaye da kyau, yawanci ba ganga ce ke damun su ba, abin da ke kewaye da ita ne: cakuɗuwar samari da ƴan mata ba tare da kulawa ba, kalaman batsa a gaban ƙananan yara, wasa ya ci lokacin salla. Waɗannan duka abubuwa ne da masu shirya taro ke da ikon gyarawa in sun ga dama.

Ƙorafi na uku ya fi wuyar warwarewa, kuma daga masu al'adar kansu yake fitowa.

Kiɗan da ke hawa dandamali da wanda ba ya hawa

Ba kowane kiɗa ne na nishaɗi ba. Tambari na sarki ne, ana buga shi a naɗin sarauta, ko jajibirin salla, ko wani babban al'amari na fada, kuma akwai gidan da ya gaji buga shi. Buga shi da yammacin Asabar don masu tikiti su tafa, a idon bafade, zubar da darajar sarauta ne. Kiɗan bori da goge ko garaya da ƙwarya kira ne, kowane iska da takensa, kuma masu wannan harka sun san cewa in aka kaɗa taken a cikin taro akwai yiwuwar wani daga cikin masu kallo ya faɗi. Zabarmawa ma suna da irin wannan a nasu wasan na iskoki. A jihar Tawa, al'adar arwa, wato duban abin da shekara za ta zo da shi, da buɗin daji ta Masalata kusa da Birnin Ƙonni tana da lokacinta da wurinta da mutanenta, ba abin da za a ɗora a mota a kawo Yamai ba ne.

Ko kiɗan da babu wani sirri a cikinsa yakan canza in ya bar muhallinsa. Gangar noma a gona tana tafiya ne da saran hauya, makaɗi na bin manomi kunya bayan kunya yana zuga shi da takensa, in ya ja baya a yi masa zambo. A kan dandamali babu gona, babu gumi, babu gasa, sai minti goma da mai gabatarwa ya ba ƙungiya kafin ta sauka. Kiɗan ƴan kokowa ma haka yake: wanda ya taɓa zama a filin gasar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya san cewa take ba ya tsuma jiki sai ɗan kokowar da ake yi wa yana tsaye yana kirari, abokin karawarsa na jira. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma a nan wurin ne ya sauya, sai kiɗan ya bi. Makaɗa kan taƙaita, su ƙara sauri, su ɗinka riguna iri ɗaya masu ƙyalli, su bar baitocin da ke bukatar sanin tarihin gari. Bayan shekaru sai yara su ɗauka cewa wannan gajeren samfuri shi ne ainihin abin.

A ganina wannan bai isa ya hana wasa a gidan tarihi ba, amma ya isa ya ɗora wa gidan wani nauyi da gidan rawa ba ya ɗauke da shi. Bambancinsa da sauran wuraren wasa shi ne bayani. Kafin mai gangar noma ya fara, a samu wanda zai faɗa wa jama'a, da Hausa da Zabarmanci ba da Faransanci kaɗai ba, daga ina makaɗin ya fito, wurin wa ya koya, a wane lokaci ake wannan kiɗa, me take yake cewa. A bar shi ya kwance gangar ya nuna yadda ake ɗaure ta, yara su yi tambaya. Abin da masu shi suka ce ba a fitar da shi waje kuma, a bar musu, ko a nemi izininsu a nuna iyakar abin da suka yarda. Su ma mawaƙan zamani, masu jita da masu rap, ba a ce a rufe musu ƙofa ba, tunda su ne ke jawo matasa, kuma da yawansu daga tende, gangar turmi ta Buzaye, da kalangu suke ɗebo amonsu. Sai dai in su kaɗai suka cika jadawali, aka ba dattijo mai gurmi minti biyar tun kafin jama'a su taru, to masu cewa neman kuɗin ƙofa ake yi sun yi gaskiya.

Wa ke cin moriyar?

Ga talaka mazaunin Yamai, amfanin farko a bayyane yake: wuri ne da uba zai kai iyalinsa da rana a farashin da bai kai na manyan ɗakunan taro ba, mata su zauna cikin natsuwa, yaron da aka haifa a birni ya ji algaita da kunnensa. Masu sayar da ruwa da ƙosai da kilishi, da masu sana'ar hannu na cikin gidan, su ma ranar kasuwarsu ce.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne makaɗin. Sau da yawa ana gayyatar sa ne da sunan raya al'ada, a ba shi kuɗin mota da abinci, sauran kuma ya dogara da karin da masu kallo za su yi masa, alhali taron yara ba taron masu kari ba ne. Mai kayan sauti yana da farashinsa tsayayye, mai haya da kujeru ma haka, amma mutumin da saboda shi aka taru sai a sallame shi da godiya. Ga kuma wayoyin hannu: kafin ya isa masauki an riga an ɗora wasansa a Facebook da TikTok, wani ma ya yanki amon ya saka a tasa waƙar. Nijar tana da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma makaɗin ƙauye da bai yi rajista ba, wanda kuma waƙarsa gadon kakanni ce ba ƙirƙirar mutum ɗaya ba, da wuya tsarin ya kai gare shi in ba wani ya tsaya masa ba. Gidan tarihi na iya zama wannan mai tsayawar: ya rubuta yarjejeniya kafin wasa, ya biya lada tsayayye, ya naɗi sauti da hoto mai kyau ya ajiye tare da sunan makaɗi da garinsa da ranar da aka ɗauka, ya ba shi kwafinsa. Irin wannan naɗi shi ma kayan tarihi ne, daidai da takobi ko tulu.

Sai batun magada. Wasa sau biyu a shekara ba ya samar da ɗalibi. Abin da ke samar da shi shi ne zama a kai a kai, a ce kowane mako akwai ranar da mai goge ko mai imzad ke zaune a inuwa ɗaya da yara biyar ko shida, ana biyan sa a matsayin malami. Wannan ya fi babban taron salla arha nesa ba kusa ba, sai dai ba ya jawo kyamarar talabijin, shi ya sa ba a cika ɗokin sa ba.

Jihohi fa?

Kusan duk muhawarar a kan Yamai take, alhali kiɗan a jihohi yake. Doso da Damagaram suna da gidajen tarihi na jiha, kuma fadar Sarkin Damagaram da ta Zarmakwai na Doso har gobe wurare ne da ake jin kakaki da tambari a muhallinsu na asali. A Tawa, gidan matasa da al'adu mai sunan Albarka Cibau ya daɗe yana karɓar wasanni, kuma gasar kiɗa ta ƙasa da aka ƙirƙiro a 1987 sunan Ɗan Gurmu take ɗauke da shi, mawaƙin ƙasar Adar. Jihar ta haɗa Adarawa da Gobirawa da Fulani da Buzaye, daga makaɗan fadar Illela zuwa matan da ke buga tende a yankin Abalak, kuma tazarar fiye da kilomita 500 da ke tsakaninta da babban birni ta sa mafi yawansu ba za su taɓa hawa dandamalin Yamai ba.

Ƙaramin gidan tarihi na al'umma, wanda ƙaramar hukuma ko masarauta ko ƙungiyar gari ke riƙe da shi, ba ya bukatar gini mai tsada. Ɗaki biyu da rumfa da mai kula guda sun isa a fara. Yana kuma da fifiko a kan na ƙasa ta fuskar da ta fi muhimmanci, wato makaɗi yana wasa ne a gaban mutanen da suka san take, waɗanda in ya tsallake baiti za su gyara masa, kuma sarkin makaɗa da dattawan gari suna kusa da za a tambaye su abin da ya halatta a nuna. Hatsarinsa shi ne siyasar gari: wane gida za a gayyata, tarihin wace zuriya za a rera, kuma in magajin gari ya sauka ko wanda ya gaje shi zai ci gaba da biyan mai gadi. Saboda haka ya fi dacewa kwamitin da ke kula da irin wannan wuri ya haɗa da makaɗan kansu da mata da malaman makaranta, kuma a rubuta kason kuɗinsa a cikin kasafin ƙaramar hukuma, kada ya dogara da alherin mutum ɗaya.